Yadda ake gwada batirin tangaran da gas mai kabon ba tare da kunkunniya ta kashe shi ba

Tambayar da ɗaliban kimiyyar sinadarai da na injiniya suka fi aiko mini ita ce: "Malam, mun sa haidirojin faifan ya yi aiki lafiya lau, da muka juya zuwa metan ko kwana bai yi ba ya tsage. Ina muka yi kuskure?" Kusan kullum idan na bi diddigi sai in tarar kayansu ba su da laifi. Jerin aikin ne ya kwance: wane gas ya fara shiga, wanne ya biyo baya, wanne aka fara rufewa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake yi, daga farko har ƙarshe.

Batirin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira SOFC, mai samar da lantarki daga gas, mai aiki a zafin digiri 600 zuwa 1000 na Salshiyas. A ɗakin gwaji ba babba ake haɗawa ba, ɗan faifai ne mai faɗin tsabar kuɗi, hawa uku. Tsakiyarsa tangaran ne na zirkoniya da aka gauraya da yitiriya, wato YSZ, wanda oksijin kaɗai ke ratsawa, shi ake kira elektirolait. Gefe ɗaya katod ne mai shaƙar iska, ɗaya gefen anod ne mai cin gas, galibi nikel gauraye da YSZ. A kan wannan anod ɗin ake fafatawa da kabon.

1. Tara kaya, ku san inda kuɗin zai tafi

Kuna buƙatar tanderun lantarki mai bututu wanda zai kai digiri 1000 kuma a iya tsara masa saurin hawa da sauka, bututun alumina biyu, ƙarami cikin babba, na'urorin daidaita gudun gas, ɗaya ga kowane gas, tukwanen haidirojin, naitirojin ko agon, metan, CO2 (kabon dayoksaid), da CO (kabon monoksaid) in gwajinku ya shafe shi, kwalbar ruwa da gas zai bi ta ciki ya ɗauki tururi, tamokoful (abin auna zafi), wayoyi da ragar azurfa ko zinariya, man liƙi na tangaran irin Ceramabond 552 ko liƙin gilashi, sai na'urar auna bolt da ampiya mai iya auna impidans, wato turjiyar da faifan ke yi wa lantarki.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi tsada, sai na'urorin gudun gas su bi mata. In babu hali, ku nemi aron mai auna impidans na kwanakin gwaji kawai, amma kada ku yi tsimi a kan na'urorin gudun gas. Wanda bai san adadin gas ɗin da ke shiga ba, bai san abin da yake gwadawa ba. Shi gas ɗin kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba: in kuna tura mililita 50 a minti, lita 72 ke nan a yini, alhali tukunya mai lita 50 da aka cika zuwa matsin "bar" 200 tana ɗauke da kusan lita 10,000. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne faifan da kuke fasawa da kuma wutar da tanderu ke sha dare da rana. Ku tanadi faifai aƙalla uku iri ɗaya kafin ku fara.

Gargaɗi: kada ku sa ragar nikel a matsayin abin kwashe lantarki idan anod ɗin da kuke gwadawa ba na nikel ba ne. Ragar da kanta za ta tara kabon, ku ɗora laifin a kan tangaran ɗin da bai ji ba bai gani ba. Filatinom ma yana sarrafa metan da kansa, ya ƙawata muku sakamako. Azurfa ta fi araha, sai dai tana narkewa a digiri 962, don haka kada ku matsa kusa da nan.

2. Tsaro da maganar ɗauke wuta

CO ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kisa. Ku kafa na'urar ƙararrawar CO a ɗakin, ku fitar da bututun hayaƙi har waje, ba bakin taga ba. Haidirojin yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin ɗari na iska, metan kuma daga kashi 5 zuwa 15. Kowane mahaɗin bututu ku shafa masa ruwan sabulu kamar yadda mai faci ke neman hudar taya, ku tsaya ku kalla sosai.

A jami'o'inmu akwai ƙarin abin da littattafan waje ba sa damuwa da shi: wuta na iya tafiya a tsakiyar gwaji. Ni ta taɓa yi mini haka da dare, CO na gudana. Da safe na tarar tanderu ya huce, faifan ya rabu biyu, anod ɗin ya zama baƙin gari da ke bin yatsa. Tun daga ranar ba na fara gwaji sai tanderu na kan inbata ko janareta mai tashi da kansa, kuma layin gas mai kabon yana da bawul mai rufe kansa idan wuta ta ɗauke, layin naitirojin kuma mai buɗe kansa. In ba ku da waɗannan bawul ɗin, dole mutum ya kwana a wurin.

3. Lissafi kafin a taɓa bawul

Ta manyan hanyoyi biyu kabon ke sauka. Ta farko, metan ya tsage ya zama kabon da haidirojin, kuma wannan yana ƙaruwa ne idan zafi ya ƙaru. Ta biyu, CO biyu su haɗu su ba da kabon ɗaya da CO2 ɗaya, abin da ake kira sauyin Boudouard, shi kuma sanyi yake so. Ma'ana metan yana cizo a wuri mafi zafi, CO kuma a wurin da zafi ya fara raguwa.

Ku ɗauki takarda ku ƙirga ƙwayoyin oksijin da na kabon a cikin gas ɗin da za ku tura. A digiri 800, in oksijin bai zarce kabon ba, kuna cikin haɗari, kuma in zafin ya yi ƙasa da haka ratar da ake buƙata ta fi yawa. Ga misalin da ya shafe mu: gas ɗin kashin shanu mai metan kashi 60 da CO2 kashi 40. Kabon 100 ne, oksijin 80. Bai isa ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda akwai CO2 a ciki zai wanke kansa, amma lissafin ya nuna sai an ƙara masa tururi ko ƙarin CO2.

Ga metan zalla a kan nikel, ƙa'idar da aka saba bi ita ce tururi ninki biyu na kabon. Wato kashi 67 na abin da ke shiga tururi ne. Kwalbar ruwa a digiri 25 kashi 3 kacal take bayarwa. A 60 tana ba da kusan kashi 20, a 80 kusan 47, sai ta kai wajen 89 kafin ku sami abin da kuke nema. Ku lura da wani abu ma: takardun bincike suna rubuta kashi 3 ne saboda ɗakunansu na kan digiri 25. Ɗakin da ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zai iya kai 40, inda kwalbar ke ba da fiye da kashi 7. Ku saka kwalbar cikin ruwan da ake iya daidaita zafinsa, ku rubuta zafin.

Ga cakuɗen CO da CO2: a digiri 800 gas zai iya ɗaukar CO har kusan kashi 90 kafin kabon ya sauka, a 700 kusan kashi 60, a 600 bai kai kashi 30 ba. Rabi da rabi lafiya lau ne a tsakiyar tanderu, amma wannan gas ɗin zai bi ta bakin bututu inda zafi ya sauko, kuma in akwai ƙarfe a wurin za ku ga baƙin zobe ya zagaye shi.

Gargaɗi: layin da ke tsakanin kwalbar ruwa da tanderu ku naɗe shi da igiyar ɗumamawa, ya wuce digiri 100. In ba haka ba tururin zai koma ruwa a hanya, anod ya sami busasshen metan na wasu daƙiƙu, sai ɗigon ruwa ya biyo, a yi ta haka. Za ku gane wannan idan boltejin na tsalle-tsalle a kai a kai.

4. Fara da gutsure kafin cikakken faifai

Wannan matakin ɗalibai suka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi ba muhimmanci, domin a nan ake ganin halin kowane abu da ido. Ku ɗauki ƙananan gutsure uku: na nikel da YSZ, na YSZ zalla, da na seriya, wato oksaid ɗin seriyom, zalla ko wadda aka gauraya da gadoliniyom. Ku fara gasa su cikin haidirojin don nikel ya fito daga oksaid ɗinsa, ku bar su su huce, ku auna nauyin kowanne. Sannan ku jera su cikin kwale-kwalen alumina, ku mayar tanderu, ku tura busasshen metan a digiri 700 zuwa 800 na awa biyu ko uku.

Abin da za ku gani ba zai fita ranku ba. Gutsuren nikel zai kumbura, ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci ya ruguje ya koma gari. Dalili shi ne nikel ba ya barin kabon a samansa kawai. Yana shanye shi, kabon ya ratsa ƙwayar nikel ya fito ta bayanta a matsayin zare, zaren ya yi ta tsawo yana ɗaga ƙwayar daga mazauninta, kamar yadda saiwar bishiya ke ɗaga daɓen siminti. YSZ zalla kusan ba ya yin komai, iyaka ɗan dishi-dishi in zafin ya yi yawa har metan ya fara tsagewa tun kafin ya taɓa gutsuren. Seriya kuma za ta sauya launi zuwa toka-toka ko shuɗi mai duhu, amma ba ta kumbura. Launin na oksijin ɗin da ta saki ne. Seriya tana ba da oksijin na jikinta ga kabon da ya sauka a kanta, ta mayar da shi CO ko CO2, daga baya ta cike gurbin daga tururi, daga CO2, ko daga oksijin da ya ratso elektirolait. Idan CO2 ya zauna a waɗannan gurabun yakan zama kabonet, dangin abin da ke cikin kanwa da alli, ya tsaya na ɗan lokaci sannan ya tashi. Kabon da ke riƙe da oksijin haka ba ya samun damar taruwa ya zama kunkunniya.

Wannan halin ne ya sa a 1999 ƙungiyar Scott Barnett a Jami'ar Northwestern ta nuna batiri mai cin metan kai tsaye da anod mai seriya, a 2000 kuma Raymond Gorte da John Vohs na Jami'ar Pennsylvania suka fito da anod na tagulla da seriya babu nikel a ciki. Tagulla ba ta haifar da zaren kabon, aikinta kawai ɗaukar lantarki.

Gargaɗi ga masu gwada tangaran mai bariyom ko sitironciyom, irin BSCF ko bariyom seret: a wurinsu kabonet ba ya tashi da sauƙi. CO2 yana janyo bariyom ɗin ya zama BaCO3 mai zaman dirshan, ya toshe fuskar. Irin waɗannan ku yi musu gwajin gutsure da CO2 ma, ba metan kaɗai ba.

5. Ɗora faifai da liƙi

Ku manna raga da wayoyi biyu-biyu a kowane gefe, biyu na ɗaukar ampiya, biyu na auna bolt. Ku kifa faifan a bakin babban bututu, anod na kallon ciki, ku zagaye da man liƙi siriri-siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Ƙaramin bututun da ke kawo gas ya tsaya 'yan milimita kaɗan daga anod. Tamokoful ya kusanci faifan, domin lambar da ke fuskar tanderu ba ita ce zafin faifan ba.

6. Ɗumamawa da fito da nikel

Ku hau da digiri 2 a minti. Daga zafin ɗaki zuwa 800 kusan awa shida da rabi ne, ku yi haƙuri da shi, ku kuma bi tsayawar da takardar man liƙin ta ce a yi a hanya. Da an isa, ku wanke gefen anod da naitirojin, ku shigar da haidirojin kashi 5, bayan ɗan lokaci ku ƙara zuwa 10, 20, 50, har ya zama haidirojin mai tururi kashi 3. Oksaid ɗin nikel yana raguwa da kusan kashi 40 na girmansa idan ya koma ƙarfe, kuma a nan ƙofofin da gas zai bi ke buɗewa. Gaggawa a nan tana tsaga faifai.

Ku jira boltejin da babu lodi, wato ba a jan lantarki daga faifan, ya tsaya cik. Da elektirolait na YSZ a digiri 800, ya kamata ku ga kusan bolt 1.1. In kun ga 1.0 ko ƙasa, akwai yoyo, kuma yoyo yana ɓata gwajin kabon gaba ɗaya: iskar da ke satar shiga tana ƙone kabon, sai ku rubuta cewa anod ɗinku gwani ne alhali liƙinku ne ya huje. Ku sauko ku sake liƙi. Amma in elektirolait ɗin kansa na seriya ne, boltejin yakan yi ƙasa da 1 ko da liƙin lafiyarsa ƙalau, saboda seriya na barin lantarki ya ɗan ratsa ta.

Kafin kabon ya shigo, ku ɗauki ma'aunin bolt da ampiya da na impidans cikin haidirojin, ku bar faifan a ƙarƙashin lodi na yini guda. Duk abin da za ku faɗa daga baya da wannan ma'aunin za ku kwatanta shi.

7. Shigar da gas mai kabon

Jerin shi ne: tururi ko CO2 farko, lodi na biyu, metan ko CO na ƙarshe. Ku kai kwalbar ruwa zafin da kuka lissafa alhali haidirojin ne ke gudana, ku tabbata boltejin ya sauka ya zauna. Ku ɗora lodi. Sannan ku riƙa rage haidirojin kuna ƙara metan kaɗan-kaɗan, kuna ba kowane mataki minti 15 zuwa 30. Kada ku bar anod na nikel cikin busasshen metan babu lodi, ko na minti biyar, da sunan kuna son ganin boltejin.

Akwai kuskuren da nake yawan gani har a rubutun digiri na biyu, cewa ampiyar da ake ja za ta kawo isasshen oksijin ta wanke kabon. Ku lissafa. Ampiya ɗaya tana kawo oksijin da zai ƙone haidirojin mililita 7 a minti. Faifai mai katod rabin santimita murabba'i, ana jan rabin ampiya a kowace santimita murabba'i, ampiya 0.25 ke nan, ƙasa da mililita 2. In kuna tura metan mililita 20, oksijin bai kai kashi ɗaya cikin goma na kabon ba. Ƙari a kan haka, oksijin yana fitowa ne a kusa da elektirolait, kabon kuma yana fara sauka ne a fuskar waje inda gas ya fara taɓawa, da gefen faifai inda babu katod a bayansa. Lodi yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin tururi.

Idan ainihin gas ɗin kashin shanu ko na shara za ku yi amfani da shi, sai kun tace shi. Yana ɗauke da H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗaruruwa har dubbai cikin miliyan, alhali 'yan ƙalilan cikin miliyan sun isa farar wutar da ke cikinsa ta lulluɓe nikel. Ku bi da shi ta cikin tsatsar ƙarfe sannan gawayin tacewa. Shawarata ita ce ku fara da cakuɗen metan da CO2 daga tukwane, sai kun fahimci halinsa ku kawo na gaske, don kada ku rasa gane ko kabon ne ya kashe faifan ko farar wuta.

8. Abin da za ku sa wa ido

Ku riƙe ampiya a wuri ɗaya ku bi boltejin. Farar wuta tana jawo faɗuwa nan take sannan ya daidaita. Kabon yakan yi yaudara: a farko boltejin na iya ɗan hawa, musamman a anod mai ƙarancin ƙarfe, domin kabon na ɗaukar lantarki yana haɗa ƙwayoyin da ba sa taɓa juna. Kada ku yi murna da wuri. Idan ƙofofin suka fara toshewa, gefen impidans mai ƙaramin mita zai kumbura, daga nan sai faɗuwa. In zafin tamokoful ya ɗan sauka da shigowar metan da tururi, ba matsala ba ce, haɗuwarsu tana shan zafi. In kuna da na'urar tantance gas, ku ƙirga kabon da ya shiga da wanda ya fita. Abin da ya ɓace yana cikin bututunku.

9. Kashewa da duba faifan

Gas mai kabon ake fara rufewa, tun tanderu na kan cikakken zafinsa. Ku wanke layin sosai kafin ku fara sauka, da digiri 2 a minti kamar yadda kuka hau. Dalili biyu ne. Na farko, sauka cikin CO yana bi ta tsakiyar zafin da Boudouard ya fi ƙarfi, sai ku tara kabon da ba na gwajinku ba. Na biyu ya fi tsanani: idan CO ya haɗu da garin nikel a ƙasa da digiri 200 yana iya haifar da nikel kabonil, gas mai mugun dafi. Kada CO ya taɓa nikel mai sanyi, ko a hawa ko a sauka.

Da wane gas za a huce? In kuna son sake amfani da faifan, haidirojin kashi 5 cikin naitirojin. In kabon ɗin kuke son gani, ku cire tururi gaba ɗaya domin yana cinye shi, ku yi amfani da busasshen agon, da ɗan haidirojin kaɗan in kuna shakkar liƙinku. Iska kada ta shiga sai an sauko ƙasa da digiri 200, domin nikel da ya koma oksaid yana kumbura da kusan kashi 70, ya fasa elektirolait.

Ku ɗauki hoton faifan tun yana kan bututu, ku duba cikin bututun da fitila. Na'urar Raman tana nuna kabon da ƙololuwa biyu, wajen 1350 da 1580 a kan ma'auninta, BaCO3 kuma wajen 1060. Don sanin yawan kabon, ku ƙona gutsure cikin iska ku auna CO2 da ke fita. In da nauyi kaɗai za ku auna, ku tuna nikel na ƙara nauyi yayin da kabon ke raguwa, sai kun cire wannan daga lissafi.

Game da seriya kuwa, ku yi hattara da abin da za ku rubuta. Da zarar ta fito iska za ta shaƙi oksijin ta koma launinta, ta kuma kama CO2 na ɗakin. Kabonet da kuka gani a kanta bayan ta huce ba hujja ba ce cewa shi ne ya kasance a digiri 700. Masu son ganin wannan kai tsaye suna kai faifansu manyan cibiyoyin hasken X irin ta Berkeley a Amurka, su auna fuskar tana cikin zafi da gas. Ku da ke aiki da tanderu da sikeli, ku saka gutsuren seriya guda da bai shiga gas ba a gefe, ya sha iskar ɗaki ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, ku auna su tare a rana ɗaya.